Mutuwar Sizwe Banzi: Wasan da Aka Haifa Babu Takarda

A shekarar 1971 gwamnatin Afirka ta Kudu ta buɗe wani ƙasaitaccen gidan wasan kwaikwayo a birnin Cape Town, ta raɗa masa suna Nico Malan. Da harajin kowa aka gina shi, amma farar fata kaɗai ke da ikon taka ƙofarsa. Shekara na zagayowa, a cikin birnin nan dai, wani mai ɗaukar hoto, Brian Astbury, da Yvonne Bryceland wadda 'yar wasa ce, suka kama wani tsohon gini kusa da titin Long Street, suka share shi, suka jera kujeru, suka kira wurin The Space. Ba su nemi tallafin gwamnati ba, don sun san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Tun 1965 doka ta hana baƙar fata da farar fata zama wuri ɗaya su kalli wasa, ko su hau dandali tare, sai da izini na musamman. Sai masu gidan suka yi dabara suka mai da shi kulob: duk wanda ya zo kallo mamba ne. Hukuma ta rasa ta inda za ta damƙe su kai tsaye, ko da yake 'yan sandan ciki ba su daina leƙowa ba.

A wannan ɗaki ne, ranar 8 ga Oktoba 1972, aka fara nuna Sizwe Banzi Is Dead, wato Sizwe Banzi ya mutu, wanda ɗalibanmu suka fi sani da Sizwe Bansi saboda yadda aka buga sunan a bangon littafi. Mutum uku suka ƙirƙire shi: Athol Fugard, Bature ɗan ƙasar, da John Kani da Winston Ntshona, 'yan ƙabilar Xhosa daga unguwar New Brighton a Port Elizabeth. Biyun nan na ƙarshe su ne 'yan wasan, babu na uku. Kayan dandali ba su wuce tebur da kujera da kyamara bisa ƙafafunta uku da allon hotuna ba. Dokar da wasan ya tona wa asiri an soke ta tun 1986, Ntshona ya rasu a 2018, Fugard ya bi shi a Maris 2025, amma har yau ana hawa dandali da shi. Wasannin da suka la'anci wariyar launin fata suna da yawa, kuma akasarinsu sun bi ta kabari. Abin da ya raya wannan, a ganina, shi ne ya gano cewa a ƙarƙashin irin wancan mulki baƙar fata ɗan wasan kwaikwayo ne daga safe har dare, ko yana so ko ba ya so, sai ya ɗauki wannan gaskiya ya gina zubinsa kacokan a kanta.

Sai an san littafin fas kafin a gane abin da ake ciki. Dokar 1952 ta wajabta wa duk namiji baƙar fata da ya kai shekara 16 ya riƙa yawo da wani ɗan littafi mai ɗauke da hotonsa, da lambarsa, da shaidar biyan haraji, da sa hannun wanda yake yi wa aiki, da hatimin da ke faɗin inda aka yarda ya zauna. In babu hatimin da ya dace, ba shi da ikon wuce awa 72 a birni. Kan wannan littafi aka harbe mutum 69 a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960. Fugard ya ga abin daga bayan tebur: a 1958 ya yi aikin akawu a wata kotu da ke Fordsburg a Johannesburg, inda ake yanke wa masu laifin fas hukunci ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan mintuna. Kani da Ntshona kuwa a aljihunsu littafin yake kwana. Da suka ajiye ayyukansu suka rungumi wasa, hukuma ba ta san da wata sana'a wai ita wasan kwaikwayo ga baƙar fata ba, sai da aka rubuta su a matsayin barorin gidan Fugard kafin su iya tafiye-tafiye da shi.

Su biyun sun fito ne daga ƙungiyar Serpent Players, wadda wasu ma'aikata da malaman makaranta na New Brighton suka kafa tare da Fugard a 1963. Da rana aiki, da dare gwaji. Sun fara da wasannin Turai, daga baya suka koma ƙirƙirar nasu daga abin da ke faruwa a unguwa. A wannan tsakanin ne Fugard ya kamu da ra'ayin Jerzy Grotowski, darakta ɗan ƙasar Poland, mai cewa a tuɓe wa wasa duk wani ado, a bar ɗan wasa da ɗan kallo kawai a ga abin da zai rage. Grotowski zaɓa ya yi. Mutanen New Brighton kuwa ko sun so adon ba su da kuɗinsa. Tsiron Sizwe Banzi wani hoto ne irin na situdiyo: mutum ya ci kwalliya yana murmushi, taba sigari a hannu ɗaya, lofe a ɗayan. Me zai sa baƙar fata a ƙasar nan ya washe baki haka? Sai dai in littafinsa na fas ya daidaita. Daga nan suka shiga ɗaki suna gwadawa, wannan ya jefa magana wancan ya cafe, Fugard yana tacewa. Ba su sa wasan a takarda ba, abin kuma ya yi musu rana, don hukumar tace wallafe-wallafe tana iya haramta rubutu, amma abin da ke cikin kan mutum biyu ba ta da yadda za ta karɓe shi ta buga masa hatimi. Sai a 1974 aka buga shi a littafi, shi ma a Ingila.

Fitila na kunnuwa sai ga Styles, mai shagon ɗaukar hoto, zaune yana karanta jarida. Jaridar ranar ce ta gaske, Kani yana tsintar kanun labarai yana yi musu sharhi yadda ya ga dama, saboda haka wasan jiya daban, na yau daban. Ana ba da labarin cewa a farkon fitarsu ya zarce da surutu har ya haura awa guda, sai da Fugard ya tura Ntshona ya shiga ya katse shi. Daga jarida sai Styles ya gangara kan shekarun da ya yi a masana'antar motoci ta Ford, da ranar da aka ce mai kamfanin, Henry Ford na biyu, zai zo daga Amurka. A nan mutum ɗaya yake zama taro. Ga Bradley, Baturen da ke kan leburori. Ga manyan da ba su taɓa riƙe tsintsiya ba sun naɗe hannun riga ana wanke daɓe. Ga masu fenti suna zana layukan gargaɗin haɗari waɗanda jiya babu wanda ya damu da su. Ga ma'aikata an kora su wanka an raba musu sababbin kayan aiki. Aka ce Styles ya yi tafinta. Bradley yana cewa a gaya musu yau babbar rana ce, su saki fuska, su yi waƙa suna aiki. Styles yana juya maganar yana cusa zagin Bradley a ciki, fuskarsa ko gezau, Baturen yana gyaɗa kai. Babban baƙo ya iso, ya yi 'yan taku kaɗan, ya waiga, ya juya ya fice. Bai dubi kowa ba. Ƙofa na rufuwa aka ƙara wa injin gudu don a rama lokacin da aka ɓata.

Ana dariya har da riƙe ciki, amma a lura da abin da aka nuna. Masana'antar gaba ɗaya ta koma dandali: ga tufafin wasa, ga fenti, ga mai ba da umarni, ga kuma ɗan kallo guda ɗaya tilo wanda bai ma kalla ba. Har su Turawan, da ubangidansu ya shigo, Styles ya ga irin murmushin da suke tilasta masa ya bayyana a fuskarsu. Abin da ya sa ke nan ya ajiye aikin ya kama ɗan shago kusa da mai sana'ar shirya jana'iza, ya yi ta yaƙi da kyankyasai da maganin feshi suna ƙin mutuwa, sai da ya samo kyanwa. Shagon a wurinsa ma'ajiya ce ta mutanen da ba za a taɓa sa sunansu a littafin tarihi ba. Ya ba da labarin wani gida mai mutum 27 da suka zo hoton zuri'a, daga kaka har jinjiri, da irin famar da ya sha kafin ya jera su ya sa su murmushi. Kafin a zo karɓar hoton, tsohon ya rasu. Duk wanda ya girma a zamanin da ake zuwa situdiyo a garuruwanmu, a ari agogo da tabarau, a tsaya gaban labule mai zanen jirgin sama ko benaye don a aika wa na gida su ga an samu wuri, ya san irin wannan hoto ba ƙarya ce zalla ba. Buri ne aka sa wa riga.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani mutum ya shigo da sabuwar farar kwat wadda ba ta zauna masa ba, hularsa a cikin leda. Styles ya tambayi sunansa zai rubuta, mutumin ya yi jim, sannan ya ce Robert Zwelinzima. Wannan ɗan jinkiri da bai fi numfashi biyu ba, a kansa wasan duka ya rataya. Styles mai zafin baki ne, baƙon nan kuwa mai nauyin baki, kowace kalma sai ya auna ta. Styles ya ɗora shi kan kujera gaban taswirar duniya, ya ba shi sigari, ya mai da shi babban masinja. Sannan ya lallashe shi a ƙara wani hoton yana tafiya, sanda a hannu, jarida a hammata, alhali bai iya karatu ba. Kyamara ta haska, mutumin ya daskare yana tsakiyar taku. Sai hoton ya motsa, ya tako gaban dandali, ya fara faɗin wasiƙar da za ta raka shi zuwa ga Nowetu a King William's Town, ana sanar da ita cewa mijinta Sizwe Banzi ya mutu, kuma mijin ne da kansa yake sanarwar. Ba a ja labule ba, ba a shigo da komai ba. Haske kawai aka matsar, teburin shago ya zama teburin ɗaki, Kani ya ajiye Styles ya zama Buntu.

Sizwe ya baro garinsu saboda rashin abin yi, ya bar mata da 'ya'ya huɗu, aka cafke shi a samame, aka buga masa hatimin ya koma inda ya fito cikin kwana uku. Bai ma san abin da hatimin ya ce ba sai da Buntu, wanda aka turo shi wurinsa ya fake, ya karanta masa: wa'adin ya riga ya wuce. Sizwe yana kawo shawara, Buntu yana rushe ta. Ya ƙona littafin ya nemi sabo? Hatimin nan dai za a buga a sabon. Ya sayar da dankali? Sai da lasisi, lasisi kuma sai da hatimi. Sai Buntu ya zayyana masa hanyar da doka ta tanada: wasiƙa daga Baturen da zai ɗauke shi aiki, a kai ofishin can, a karɓo wata a kawo ofishin nan, a koma, a dawo, kowace takarda tana jiran wata, Sizwe kuwa bai san Bature ko ɗaya ba. Ba a ɗaga murya ba, ba a zagi kowa ba, amma da wuya a sami inda aka fi nan nuna yadda biro da tawada ke shaƙe mutum.

Suka tafi mashaya, suka fito a buge. Buntu ya ratse lungu zai yi fitsari, ashe abin da ya zaci tarin shara ne gawar mutum ce, 'yan daba sun soke shi. Buntu ya ce su gudu kafin 'yan sanda su zo; Sizwe ya ce ba za a bar ɗan Adam a yashe a bola ba. Aka ɗauko littafin mamacin don a san inda yake kwana. A tsakanin nan ne Sizwe ya fashe. Ya tuttuɓe tufafinsa a gaban jama'a, yana nuna musu idanunsa da kunnuwansa da ƙafafunsa, yana neman a faɗa masa abin da ya rasa da ba za a lissafa shi cikin mutane ba, har ya fuskanci wata mace daga cikin 'yan kallo ya jefa mata tambayar. A babban zaure mai kujera dubu, da jawabi kawai za a kira wannan, a tafa a wuce. A ɗan ɗaki irin The Space, inda gwiwar ɗan kallo ke kusan taɓa dandali, kuma da yawa daga mazauna kujerun farar fata ne, tuhuma ce ido da ido, babu duhun da mutum zai ɓuya a ciki. Talaucin gidan ne ya samar da wannan kusanci, wasan kuma ya san yadda zai ci moriyarsa.

Fitowar da ta fi kowace ƙarfi kuwa kusan shiru ce. Buntu ya zauna bakin tebur da littafi biyu da kwalbar gam. Ya ɓamɓare hoton Sizwe a hankali, ya ɓamɓare na mamacin, ya musanya su, ya shafa gam, ya danna. Aikin 'yan mintuna ne, ana yin sa a gaban kowa dalla-dalla, kuma laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Littafin Robert yana da izinin neman aiki. Sizwe ya tubure: sunan da ubansa ya raɗa masa fa? Matarsa matar wa za ta zama, 'ya'yansa sunan wa za su amsa? Buntu bai lallashe shi da daɗin baki ba. Ya tuna masa cewa magidancin da ɗan yaron Bature zai kira da duk sunan da ya zo bakinsa, ya amsa da rawar jiki, ya daɗe da zama fatalwa. In dai fatalwar ce, gara wadda ke kawo albashi gida. Daga nan sai darasi. Ya sa shi haddar lambar mamacin. Ya zama mai biyan albashi yana kiran suna, ya zama mai kantin da ke ba da kaya bashi, ya zama limamin coci yana rubuta sababbin mabiya, a ƙarshe ya zama ɗan sanda ya daka masa tsawa ya miƙo littafi. Sizwe yana tuntuɓe da lambar yana gyarawa, har bakinsa ya saba. Wato 'yan kallo sun biya kuɗi suna kallon gwajin wasa ne, ga darakta ga ɗan wasansa, sai dai a wannan wasa wanda ya manta abin da zai faɗa a kurkuku zai kwana. A nan ne doguwar hirar Ford take biyan bashinta, a nan ne kuma ake gane jim ɗin nan da baƙo ya yi a shagon Styles: yana laluben sunan da aka koya masa ne.

Fugard ya rubuta a littafin ajiyar tunaninsa abin da ya faru da aka kai wasan New Brighton, a zauren St Stephen, gaban mutanen da littafin fas ke aljihunsu. Da aka zo wurin musanya hoto, wani ya ɗaga murya daga cikin jama'a yana gargaɗin kada a yi, za a kama su. Wata murya ta mayar masa cewa a ci gaba kawai, mai ita ma ba a kama ba har yau. Zaure ya kaure da gardama, 'yan wasa suka dakata suna saurare. Wasan da aka ɗaure da rubutu, irin wannan kutse ɓata shi yake yi. Wannan kuwa tun asali da ƙofa a buɗe aka gina shi.

Ba a ce ba shi da rauni ba. Rabonsa bai daidaita ba: babban kaso ya tafi kafin mai sunan ya shigo, kuma in ba a dace da ɗan wasa mai kaifin Kani ba, hirar Styles takan zama jan rai. A takarda ma ta fi gajiyarwa, don an daskarar da kanun jaridun da aka yi su domin su canza kullum. Raunin da ya fi damuna shi ne na mata. Nowetu ana yi mata wasiƙa, ba a jin amsarta; matar Buntu tana aikatau a gidan Turawa, ba mu ga ƙeyarta ba. Alhali ɗaya daga cikin manyan boren da aka yi wa littafin fas na mata ne, ranar 9 ga Agusta 1956, lokacin da kimanin 20,000 suka yi tattaki zuwa fadar gwamnati a Pretoria. Matar da aka ce mata mijinta ya mutu, ta shirya sake aurensa da sunan wani, ai tana da abin faɗa, wasan kuwa bai ba ta baki ba.

Akwai masu sukar da suka ce wasan ya koya wa mutum yadda zai sulale shi kaɗai ne maimakon yadda jama'a za su miƙe tare, irin abin da ke sanyaya zuciyar Bature mai tausayi ba tare da ya razana shi ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ban bi ta ba. Wasan bai ce Sizwe ya tsira ba. Buntu da bakinsa ya faɗa masa cewa duk ranar da aka kama shi aka aika zanen yatsunsa Pretoria, asiri ya tonu, Sizwe kuma ya san cewa a ƙasar da launin mutum ke jawo masa kamu wannan rana ba ta da nisa. Da aka komo shagon Styles a ƙarshe aka ce ya yi murmushi, murmushin da ya ba mu dariya ɗazu ne, amma yanzu mun san abin da aka bayar aka saye shi. Wani rashin adalcin kuma ba na wasan ba ne, na masu buga littafi ne da malamai, waɗanda ke kiran sunan Fugard shi kaɗai. Kani ne ya yi aiki a Ford, shi da Ntshona ne suka san warin ofishin fas, Fugard kansa bai taɓa ɓoye cewa su uku suka yi aikin ba.

A Yulin 1973 suka dawo The Space da The Island, labarin fursunoni biyu da ke shirya wasan Antigone a kurkukun tsibirin Robben. Doka ta hana magana kan gidajen yari, sai aka fara nuna shi da wani suna, Die Hodoshe Span, alhali tsibirin ana hango shi daga gaɓar birnin, Mandela na ciki. Yana buɗewa da dogon lokaci babu magana, mutum biyu suna haƙar yashin da babu shi, kowa yana juye nasa a ramin ɗan'uwansa, har gumi na gaske ya jiƙa su. Wasu sun fi ɗaukaka shi. Ni dai na fi son Sizwe saboda dariyarsa, wadda ke sa mutum ya saki jiki kafin a kai masa sara. A The Space ɗin ne ɗan wasa Pieter-Dirk Uys ya goge, Fatima Dike ta fara a bayan dandali ta zama marubuciya. Kuɗi bai taɓa isar wurin ba. A 1979 ya koma People's Space, bayan 'yan shekaru ya rufe.

Wasan kuwa ya yi gaba. Ya je gidan wasan Royal Court a Landan a 1973, ya je New York a 1974, a 1975 aka haɗa Kani da Ntshona aka ba su kyautar Tony ta gwarzon ɗan wasa. Shekara ɗaya bayan nan, a Transkei, yankin da ake shirin ba wa 'yancin jeka-na-yi-ka, aka tsare su bayan wasa saboda abin da suka faɗa kan wannan 'yanci, sai da 'yan wasan duniya suka yi ca kafin a sake su. A 2006 darakta Peter Brook ya shirya shi da Faransanci, Habib Dembélé na Mali yana cikin 'yan wasan biyu, a Faransa, ƙasar da baƙin haure marasa takarda ke cike da unguwanni. Mutanenmu da suka zauna a Makka ko Jidda babu igama, masu shigewa lungu in sun ji motar kame, su ma ba sai an yi musu fashin baƙi ba. Halinsu ba ɗaya ba ne da na wanda aka mai da shi baƙo a ƙasar kakanninsa, amma faɗuwar gaban iri ɗaya ce.

A nan gida, akasarin waɗanda suka san wasan a aji suka gamu da shi, cikin littattafan jarrabawar adabin Turanci, ana haddace jigo da halayen taurari. Matasa sun fi sanin Kani a matsayin mahaifin sarki a fim ɗin Black Panther. Alhali hanyar da aka bi aka ƙirƙire shi ba baƙuwa ba ce a wurinmu: 'yan kama da 'yan tashe ba su taɓa riƙe takarda ba, sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello kuma tun shekarun 1970 yake ƙirƙirar wasa tare da manoma a ƙauyukan ƙasar Zazzau, yana da dandalinsa na ginin ƙasa a Samaru. Kirana ga malaman sassan wasan kwaikwayo a Zariya da Kano da Jos, da ƙungiyoyin wasa na Damagaram da Maraɗi, shi ne a nemi izinin masu haƙƙinsa a mai da shi Hausa. A bar labarin a Port Elizabeth inda yake, amma a miƙa wa Styles jaridar ranar ya yi yadda ya ga dama da ita. Wurin tuɓe tufafi, riga kaɗai ta wadatar. Kada a kai shi babban zaure mai lasifika, ɗaki ɗaya da benci ya fi dacewa da shi. A jikin takardar gayyata kuma a rubuta sunayen su ukun: Fugard, Kani da Ntshona.